Fuskar Nicanor, Jikin Wa?

"Lafiya lau na wuni, tsohuwa. Kuma kafin ki tambaya, kifinki yana can kasuwa, ya ce a gaishe ki."

Da wannan Deivis ya amsa gaisuwar kakarsa ranar Laraba wajen ƙarfe uku, yana tsaye a bakin ƙofarmu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Tun takwas na safe Mama ta aike shi ya sayo mata kifin kogi guda biyu. Ɗan ƙanena ne, shekararsa ashirin da bakwai, kuma tun yana ɗan sha bakwai ba shi da zance sai ɗaga ƙarfe, har ta kai in zai shiga ɗakin girki sai ya karkace kafaɗa. Mama kuwa, Etelvina Cantillo, shekararta saba'in da tara. Tana zaune a kujerarta mai lilo a baranda, inda take wuni tana lura da wanda ya wuce da wanda bai gaishe ta ba. Ni ce babbar 'yarta, ni nake zaune da ita a gidanmu na unguwar Rebolo. Su biyun nan tun Deivis bai iya ɗaura igiyar takalmi ba suke tsokanar juna, kuma ban taɓa ganin ranar da ɗayansu ya gaji ba.

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Awa bakwai. Ashe buhun siminti na aika kasuwa, sai da aka nemo masu ɗauko shi."

"Da kin aiki ɗaya daga cikin samarinki na coci. Na ga mai sandar nan yana miki murmushi ranar Lahadi. Haƙori ɗaya gare shi, amma gaba ɗaya ya nuna miki shi."

"Haƙori ɗaya, amma in na aike shi kifi, kifi zai kawo. Kai me ka kawo?"

Sai ya matsa gefe. A bakin titi ga keken alfadari a tsaye, an kwantar da wani abu mai faɗi a kai, an lulluɓe shi da tampol. Shi da mai keken suka kinkimo shi da ƙyar, suka jingina shi da bangon baranda, tsawonsa ya kusa taɓa rufi. Deivis ya ce yana hanyar kasuwa wani abokinsa mai aikin gini ya kira shi, ya ce ana rushe tsohon ginin Sinimar Tamarindo, wanda ya daɗe da komawa ɗakin ajiyar tayoyi, kuma sun tarar da wasu alluna a bayan wani bango. Ya je, ya yi ta fama da shugaban ma'aikatan har ya sallama masa ɗaya.

Tun kafin ya yaye tampol ɗin na san ko wanne ne.

A falonmu akwai wani ɗan hoto baƙi da fari, bai fi tafin hannu ba. Hoton wani allon talla ne a ƙofar sinimar, a shekarar 1966: wani ƙato sanye da warki yana tsinka sarƙa da hannu biyu, ya take zaki da ƙafa ɗaya. Fuskar ƙaton ta babana ce, Nicanor Pertuz. Ya rasu ina da shekara biyu, Mama tana ɗauke da cikin uban Deivis. Ban da wannan hoton da na katin shaidarsa, wanda daga wuya ya tsaya, ba mu da wani abu da zai nuna mana kamanninsa. Mun tashi da sanin cewa Mama ce take zana allunan tallan sinimar, kuma babanmu ƙato ne har ta tsayar da shi ta zana shi a matsayin jarumin fim. Deivis ya tashi da wannan labarin fiye da kowa. Hoton yana cikin wayarsa, yana manne a madubinsa, kuma ranar Asabar mai zuwa zai buɗe gidan ɗaga ƙarfe na kansa, wanda ya sa wa suna Nicanor. Har jawabi ya rubuta, shafi biyu.

Ya ja tampol ɗin. Ban taɓa sanin allon yana da launi haka ba. Sama ja ce kamar garwashi, jikin ƙaton yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, duk da gara ta ci kusurwa ɗaya kuma ruwa ya wanke rabin rubutun. Mama ta daina lilo. Ta ce in miƙo mata tabarau. Ta daɗe tana kallo, Deivis yana tsaye yana jiran ta yi kuka.

"Zakin nan har yanzu kare ne," ta ce.

Ta ce ita a lokacin ba ta taɓa ganin zaki ba, karen limamin coci ta kama ta ɗaura masa tsumman goge ƙasa a wuya, kuma duk wanda ya san karen ya gane shi a allon. Deivis bai saurari zancen kare ba. Ya tuɓe riga, ya tsaya kusa da allon, ya ɗaga hannuwa kamar yana tsinka tasa sarƙar.

"Faɗi gaskiya ko sau ɗaya a rayuwarki, tsohuwa. Na kamo shi, ko da saura?"

"Wanne daga cikinsu?"

"Wanne kamar yaya? Kakana mana."

"Kakanka ka daɗe da wuce shi. Tun kana aji uku ka wuce shi. Sauran nake tambaya."

Ya sauke hannuwansa a hankali. Ya dube ni, ni ma na dube shi. Na zaci ɗaya ce daga cikin ƙaryar da take masa don ta ga ya fusata, kamar lokacin da ta ce masa a kwandon shara aka tsinto shi a bayan kasuwa. Amma na san fuskar Mama in tana ƙarya, gefen bakinta na hagu yakan motsa. Ranar bai motsa ba.

Deivis ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna a gabanta, gwiwoyinsa har kusa da haɓa. Ya ce yau ba inda za shi sai ya ji, kuma in tsufa ne ya fara taɓa mata kai, gara a sani da wuri a nemo mata ɗaki mai kwaɗo. Ta ce ɗakin da zai ɗauke ta ba a gina shi ba tukuna, ya miƙo mata tsintsiya. Ta kama kan tsintsiyar, ta nuna ƙirjin ƙaton da gindinta.

"Wannan na Casimiro ne. Ɗan dako a tashar jiragen ruwa, buhun gahawa biyu yake ɗauka a tafiya ɗaya. Wuni guda ya tsaya mini a bayan sinima babu riga, na sa aka riƙa barinsa yana shiga kallo kyauta."

"Ƙarya kike yi."

"Wuya da kafaɗu na mai kawo ƙanƙara ne, na manta sunansa, wari yake kamar jiƙaƙƙen buhu. Cinyoyi na Evaristo ne, mai raba burodi a kan keke. Matarsa ta zo ta zauna tana gadinsa har na gama."

"To cikin fa? Wannan layi-layin?" Ya shafa nasa cikin, wanda ya yi shekaru yana hana shi shinkafa da soyayyen agade don ya fito da irin layukan nan.

"Wannan ba na kowa ba ne. Duk Rebolo babu namiji mai irin cikin nan, kowa da ɗan tulunsa. Allon wankin uwata na jingina a bango na zana."

Dariya ta ƙwace mini, na rufe baki da gefen zanen jikina. Deivis ya juyo ya ce, "Goggo, har da ke?" Na ce ya yi haƙuri, na tuna ranar bikin haihuwarsa ne da ya ƙi cin kek. Mama ta ce ai ya yi ƙoƙari, ya kusa kamo allon wankin, in ya ƙara shekara biyu za ta riƙa cuɗa zannuwan gado a jikinsa.

Ya tambaye ta dalilin da zai sa mutum mai hankali ya haɗa mutum ɗaya da gaɓoɓin mutum huɗu da kayan wanki. Nan ta gyara zama, don an zo wurin da take so. Ta ce a lokacin fina-finan ƙattai masu warki ake yayi, daga Italiya ake kawo su, maza suna fitowa daga kallo suna kumbura ƙirji, wasu har suna cika gwangwanayen fenti da siminti suna ɗagawa a bayan gida. Sai aka kawo wa mai sinimar, Don Teófilo, wani sabo, faifan fim kawai, babu takardar talla ko ɗaya. Ranar Alhamis aka kawo, ranar Asabar za a fara nunawa. Ya ce a zana masa ƙato da sarƙa da zaki, tunda duk irinsu ba a rasa waɗannan ukun. Aikin na mahaifinta ne a suna, amma hannunsa ya riga ya fara rawa, don haka ita take zanawa shi yana sa hannu a ƙasa. Ba ta ga fim ɗin ba, ba ta da hoton da za ta kwaikwaya, sai ta fita titi tana tsayar da maza.

"Daga baya da na kalli fim ɗin, babu zaki a ciki," ta ce. "Bijimi ne. Ba wanda ya yi ƙorafi."

Deivis ya tashi ya koma gaban allon. Ya sa yatsa a damtsen ƙaton, ya bi shi har zuwa wuyan hannu. Ya ce duk sauran ya bar mata, amma hannuwan nan na kakansa ne, yana da hujja. A hannun hagu, ƙasa da gwiwar hannu, akwai wani tabo mai kamar jinjirin wata, wanda ba ya fitowa a ɗan hotonmu na falo. Ya ce tun a kan keken alfadari yake kallonsa. Mai zane ba ya ƙirƙiro tabo haka kawai, sai in ya gan shi a jikin wanda yake so.

"Ka yi gaskiya," ta ce. "Yau ka yi tunani, a rubuta ranar."

Ta naɗe hannun rigarta na hagu. Fatar ta saki, ta yi laushi kamar tsohuwar takarda, amma tabon yana nan inda yake, jinjirin wata ƙasa da gwiwar hannu. Na san shi tun ina yarinya, tukunyar dafa gam ce ta ƙone ta. Ban taɓa kawo shi kusa da hoton falo a raina ba.

Ta ce lokaci ya ƙure mata, ba ta sami mai hannuwan da suka yi mata ba, sai ta jingina madubi ta dunƙule hannu ta zana nata, ta ƙara musu kauri. Ta ce kada ya raina, a lokacin ita take ɗaukar tsani da bokitin fenti biyu daga gida har sinima, ita take ɗaga allunan nan ta rataye, kuma akwai wani mai sayar da tikiti da ya taɓa kai mata hannu inda bai kamata ba, har ya mutu yana tauna da gefe ɗaya.

"Ke nan shekara goma hannun tsohuwa nake bi."

"Kuma ba ka kamo ba. Naka kumburi ne kawai, kamar burodin da aka cika wa yis. Ka taɓa rataye allo kai kaɗai iska tana kaɗawa?"

"Ni da mai keke muka ɗauko wannan."

"Na gani. Har da nishi."

Ya yi ɗan murmushi, amma bai kai ido ba. Ya ɗauki rigarsa ya sa, ya zauna a dakalin baranda ya juya mana baya. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, ranar Asabar mutum sittin za su zo, ya gaya wa kowa cewa jikan ƙaton Rebolo ne shi, jawabinsa ma da haka ya fara. Ya ce duk ranar da ya ji kamar ya bar ƙarfen nan ya nemi aikin ofis kamar yadda ubansa yake so, hoton yake kallo ya ce abin a jininsa yake.

Ni ma dariyar ta bar ni. Shekarata hamsin da ɗaya, kuma sai a lokacin na gane ban san ko da tsawon mahaifina ba. Na ce, "Mama, me ya sa ba ki taɓa faɗa mana ba?"

Ta cire tabarau ta riƙe a cinya. "Ni ban taɓa ce muku ƙato ne ba. Ke kika faɗa. Kina da shekara shida kika dawo daga makaranta kina kuka, wai 'yan ajinku sun ce ba ki da uba. Washegari kika saci hoton nan kika tafi da shi, kika ce musu ubanki ya kashe zaki da ƙafa ɗaya. Daga ranar ba wanda ya ƙara taɓa ki, har ƙanenki ya ci albarkacin zakin. In ce miki me? In ce karen limamin coci ne?"

Ta ce ta yi niyyar faɗa mana in mun girma, sai muka girma labarin ya riga ya fi ta ƙarfi. Waɗanda suka san Nicanor kuma duk sun yi shiru, wasu don tausayi, wasu don abin yana ba su dariya. Yanzu kuwa da allon ya shigo gidanta da ƙafarsa, kuma ja'irin nan yana shirin tsayawa gaban mutane ya rantse da allon wanki, ba za ta iya barinsa ba.

Na shiga na haɗo gahawa don in sami abin yi da hannuna. Da na fito, Deivis ya juyo. Son jin labari ya fi ƙarfin fushinsa, haka yake tun yana ƙarami. Yana tambayarta, to in ba ƙato ba ne, wane ne, kuma me fuskarsa take yi a kan wuyan mai ƙanƙara.

Ta ce Nicanor shi ne mai haska fim, yana zaune a wani ɗan ɗaki a sama mai taga kamar ta kurciya. Siriri ne, in iskar Disamba ta taso sai ya kama ƙarfen fitila. Bakinsa kuwa ya fi jikinsa nauyi. Kullum in ya wuce tana aiki sai ya tsaya ya ce duk mazan da take zanawa fuskarsu ɗaya, kamar dafaffen rogo. Ranar Juma'ar nan ta gama jikin ƙaton, saura fuska, ya zo ya tsaya a bayanta ya ce a sa rogon a tafi gida. Ta ce masa to. Da safe aka rataye allo, ga Nicanor da ɗan gashin bakinsa yana tsinka sarƙa.

Unguwa ta ɗauka. In ya wuce, masu sayar da abinci su ce a ɓoye karnuka ga mai kashe zaki nan. Direbobin bas su tsaya su roƙe shi ya ɗaga musu motar su canja taya. Fim ɗin ya yi sati biyar ana cika, rabin masu zuwa don su ga allo ne, su ɗaga kai su ga mai shi a taga. Don Teófilo ya hana a sauke shi.

"Bai yi fushi ba?" in ji Deivis.

"Ya yi. Ya je ya cika gwangwani biyu da siminti, ya ce zai cika allon nan ko ya mutu. Kwana tara ya yi yana ɗagawa, a na goma bayansa ya riƙe, sai a kan ƙyauren ƙofa aka kwantar da shi aka ɗauko shi."

"Kin ga, ashe dai a jinina yake."

"Riƙewar bayan, ƙwarai."

Ta ce abin da Nicanor ya iya daban ne. Sinimar ba ta da rufi, na'urar kuma tsohuwa ce, sau da yawa murya takan ɗauke ana tsakiyar kallo. A wasu wuraren in haka ta faru kujeru ake jifa. A Tamarindo kuwa sai Nicanor ya leƙo da kai ta taga ya ci gaba da maganar da bakinsa, ya yi muryar jarumi, ya yi ta budurwa, ya yi ta doki. Wata rana ana nuna fim ɗin Meziko, irin na mawaƙa masu faffaɗar hula, murya ta ɗauke daidai inda jarumin ya buɗe baki zai yi wa budurwa waƙa a ƙarƙashin taga. Nicanor ya rera tasa, ya sa sunayen mutanen unguwa a ciki, da wanda yake zuwa zance gidan wa, da wanda matarsa ta kora. Mutane suka yi ta faɗuwa daga kan benci. Washegari da muryar ta gyaru, sai suka yi ta ihu a kashe ta.

Ban taɓa jin wannan ba. Na zauna a ƙasa kusa da kujerarta kamar yarinya, na tambaye ta irin muryarsa. Ta ce ba ta da daɗi ko kaɗan, kamar ana jan tebur, amma ba ka iya daina saurara.

Deivis ya ce har yanzu bai ji yadda aka yi mai hankali ya auri matar da ta mai da shi abin dariyar gari ba, sai dai in asiri ta yi masa. Ta ce asirin yana jingine a bango ga shi nan. Bayan bayansa ya saki, Nicanor ya zo gidansu da rana tsaka, yana tafe yana dafa bango, ya tarar da ita tana wanke buroshi.

"Ya ce, 'Etelvina, kin kashe mini kasuwa. Duk yarinyar da na je wurinta sai ta kalli allo, ta kalle ni, ta ce ina sauran? Ke kaɗai kika san babu sauran. Sai ki aure ni.' Na ce masa zan yi tunani. Ya ce in yi da sauri, ba ya iya tsayuwa da yawa."

Deivis ya yi dariya ta gaske a karon farko tun da aka yaye tampol. Ya ce wannan ba neman aure ba ne, ƙarar diyya ce. Ta ce ko ma mene ne, ya fi nasa, shi da yake tura wa 'yan mata hoton damtse a waya su turo masa babban yatsa. Shekara huɗu suka yi tare, in ji ta, kafin ciwon ƙirji ya ɗauke shi cikin sati uku, kuma a shekara huɗun nan ba ta tuna ranar da ta kwanta ba ta yi dariya ba.

Wata mota ta wuce da kiɗa, ta tafi da shi. Deivis yana jujjuya kofin gahawa a tafin hannunsa, kofin ya zama kamar murfin kwalba. Ya ce to yanzu ya zai yi da Asabar, ya canja sunan wurin ne ya sa Casimiro da Abokansa? Ta ce kada ya kuskura. Nicanor bai taɓa samun ko da benci mai sunansa ba, a bar masa wannan. Allon ma a rataye shi, amma a faɗi gaskiyar masu gaɓoɓin, don jikokin Evaristo suna nan a layi na uku, za su so su ga cinyoyin kakansu. Jawabin kuwa ya yage shafin farko, dama ta tabbata ya yi tsawo.

Ya gyaɗa kai. Sai kuma ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ba da wasa ba. Ya ce fuskarsa ta uwarsa ce, kowa ya sani, waƙa kuma ko a wanka ba ya yi. Yana so ya san ko akwai wani abu na mutumin nan a jikinsa, ko guda ɗaya.

Mama ta mayar da tabarau. "Tashi tsaye. Naɗe wandon nan."

Ya ƙi. Duk zafin garin nan Deivis ba ya sa gajeren wando, ko a wurin ɗaga ƙarfe, kuma duk gidan mun san dalili amma ba mai faɗa, ita kanta Mama nan ne kawai ba ta taɓa tsokanarsa ba. Daga gwiwa zuwa sama ƙato ne. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa ƙwaurinsa kamar sandar rake, duk abin da ya yi musu sun ƙi ƙaruwa. Ta ce ya naɗe ko ta sa tsintsiya ta naɗe masa. Ya duba titi ya ga ba kowa, ya sunkuya ya naɗe har gwiwa.

Ta sunkuyo daga kujerar. Ta daɗe tana kallo, fiye da yadda ta kalli allon. Ta miƙa hannu ta kama ƙwaurinsa na dama, yatsunta suka kusa zagaye shi.

"Ga shi nan," ta ce. "Har ɗan karkacewar. Shekara arba'in da tara rabona da ƙafafun nan."

Deivis ya sunkuyar da kai yana kallonsu kamar yau aka ba shi su. "Shekara goma ina neman in rabu da su."

"Ba sa jin magana. Nasa ma ba su ji ba."

Dariya ta kama shi har ya zame ya zauna a ƙasa, wandon a naɗe, ƙafafun a miƙe a gabanta. Ya ce, "Kin ci, tsohuwa. Na sallama. Ranar Asabar gajeren wando zan sa, kowa ya gani."

"To ka ajiye mini kujera a layin gaba," ta ce, ta koma lilonta. "Kuma kada ka tsaya a bayan tebur."